Gerda Taro da Shaidar Mai Ɓangare

Da yammacin ranar 25 ga Yulin 1937, sojojin Jamhuriyar Sifaniya suna janyewa a rikice daga garin Brunete, kimanin kilomita 30 yamma da Madrid. Jiragen yaƙin Jamus na ruwan wuta ta sama, hanya kuma ta cunkushe da sojoji masu gudu da motocin kwasar waɗanda aka jikkata. Wata matashiya mai ɗaukar hoto, wadda ta wuni cikin rami tana aiki har fim ɗinta ya ƙare, ta ɗare gefen wata mota mai ɗauke da masu rauni ta maƙale a matakalarta. Ba su yi nisa ba wata tankar yaƙi, ta ɓangaren da take goyon baya, ta ƙwace wa direbanta ta afka wa motar ta murƙushe ta. An garzaya da ita asibitin soja a El Escorial aka yi mata aiki, amma da asubahin ranar 26 ga wata rai ya yi halinsa. Sunanta Gerda Taro, saura kwana 6 ta cika shekara 27, kuma ana lissafa ta a matsayin mace ta farko mai ɗaukar hoton jarida da ta mutu a fagen daga. Kyamarorinta da fim ɗin da ta ɗauka a wannan rana sun ɓace, har yau ba a gan su ba.

Tun da aka dawo da sunanta cikin tarihin aikin jarida, zargi guda ke biye da shi. Ana cewa Taro ba 'yar jarida ba ce a yadda ake fahimtar aikin yau, mai yaɗa farfaganda ce: ta je Sifaniya da ra'ayinta a fili, ta yi wa jaridun 'yan gurguzu aiki, ta ci ta kwana tare da sojojin ɓangare ɗaya, tana yi musu fatan nasara. Duk wannan gaskiya ne, babu abin musu a ciki. Abin da nake musu a kai shi ne hukuncin da ake yankewa daga nan, wai wanda ya ɗauki ɓangare shaidarsa ta ɓaci. A ganina abin da ke ɓata shaidar mai ɗaukar hoto shi ne ya nuna abin da bai faru ba, ko ya ɓoye wa mai kallo inda yake tsaye. Taro ba ta taɓa ɓoye inda take tsaye ba. Ta ɗaya hanyar kuwa akwai inda ƙafarta ta zame, kuma za mu zo kansa.

Kafin ta riƙe kyamara an riga an zaɓa mata ɓangare. An haife ta a Stuttgart ta ƙasar Jamus ranar 1 ga Agustan 1910, sunanta na yanka Gerta Pohorylle, 'yar gidan Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga gabashin Turai. A 1929 iyayenta suka koma Leipzig. A 1933, shekarar da Hitler ya hau mulki, aka kama ta aka tsare bisa zargin raba takardun adawa da 'yan Nazi, da aka sake ta ta tsere Paris. A can ta haɗu da wani saurayi Bayahude ɗan ƙasar Hangari, Endre Friedmann, mai ɗaukar hoto da ke fama da talauci. Ya koya mata kyamara, ita kuma ta koya masa yadda ake sayar da aiki. Da suka lura editoci ba sa biyan ɗan gudun hijira mai irin wannan suna kuɗin kirki, sai suka ƙirƙiro wani shahararren Ba'amurke mai ɗaukar hoto wanda babu shi a duniya, suka raɗa masa Robert Capa, suka riƙa sayar da hotuna da sunansa da tsada. Daga baya Friedmann ya riƙe sunan ya zama nasa, ita ma ta koma Gerda Taro. Iyalinta da suka fake a Yugoslabiya ba su tsira ba, 'yan Nazi sun hallaka su a lokacin yaƙin duniya na biyu. Mai neman wannan yarinya ta dubi jiragen Hitler a sararin Sifaniya da zuciyar ɗan kallo yana neman abin da ba ya cikin ikon ɗan Adam.

Yaƙin ya ɓarke ne a ranakun 17 da 18 ga Yulin 1936, sa'ad da manyan hafsoshin soja, waɗanda Janar Francisco Franco ya zama jagoransu, suka yi wa zaɓaɓɓiyar gwamnati tawaye. Jamus da Italiya suka tura wa 'yan tawayen jirage da sojoji. Birtaniya da Faransa suka ɗauki manufar da suka kira ta rashin tsoma baki, wadda a aikace ta hana gwamnatin sayen makamai daga wurinsu, ta bar ta da dogaro da Tarayyar Sobiyet. Taro da Capa sun sauka Barcelona a farkon Agusta. Masu zarginta sukan manta cewa a irin wannan yaƙi babu wani tudu a tsakiya da ɗan jarida zai hau ya hango ɓangarorin biyu. Takardar izinin aiki ɓangare ɗaya ke bayarwa, motar zuwa fagen daga tasu ce, kuma wanda aka san shi da wannan gefe, tsallakawa wancan na nufin kurkuku ko harbi. Arthur Koestler, wakilin wata jaridar Landan, da sojojin Franco suka kama shi a Malaga a Fabrairun 1937, ya yi watanni a tsare yana jiran kisa kafin a yi musayarsa. René Brut, Bafaranshe mai ɗaukar hoton majigi wanda ya ɗauko gawarwakin mutanen da sojojin Franco suka kashe a Badajoz a Agustan 1936, kama shi aka yi aka kore shi daga ƙasar. Kowane hoto da ya fito daga wannan yaƙi daga gefe ɗaya aka ɗauke shi. Bambancin masu aikin kawai shi ne, wasu sun faɗi gefen da suke, wasu sun yi shiru.

Goyon bayan da ake aibanta ta da shi kuwa shi ne ya kai ta wuraren da aikinta ya fi nauyi. Hotunanta na farko cike suke da farin cikin mutanen da ke jin suna gina sabuwar duniya, kuma wanda aka fi sani shi ne na wata mace 'yar sa-kai da ta durƙusa da gwiwa ɗaya a bakin teku kusa da Barcelona tana koyon harbi da ƙaramar bindiga. Cikin watanni kaɗan wannan annashuwa ta gushe. Da Malaga ta faɗi a Fabrairun 1937, dubun dubatan farar hula suka kama hanyar bakin teku zuwa Almeriya a ƙafa, jiragen ruwa na yi musu luguden wuta daga teku, jiragen sama daga bisa, dubbai suka mutu a hanya. Taro da Capa sun je Almeriya sun ɗauki waɗanda suka iso da rai. A watan Mayu, bayan an jefa bamabamai a Valencia, Taro ita kaɗai ta shiga ɗakin ajiye gawa na asibitin birnin. Ta ɗauki gawarwaki kwance a kan tebura da daɓe, da kayan da mutuwa ta same su a ciki, jini na bin ƙasa. Sannan ta fito ta juya kyamara ga jama'ar da suka yi cincirindo a bakin ƙofar ƙarfe, kowa na leƙe yana neman sanin ko nasa na ciki. Waɗannan hotuna ba su da wani ado, babu jarumi a cikinsu, babu tuta. Abin da suke nunawa abu ne da Turai ta wancan lokaci ba ta saba da shi ba: a kashe mazauna birni daga sama, da gangan, nesa da fagen daga. Shekaru kaɗan bayan haka Warsaw da Rotterdam da Landan da Hamburg duk suka ɗanɗana. Shiga ɗakin gawa da tsayawa a daidaita kyamara a kan fuskar mamaci aiki ne da mutum ba ya yi sai in yana jin lallai ne duniya ta gani, kuma wannan jin daga damuwa yake fitowa.

Mai karatu da ya san zaman kotun alƙali zai ce: ai ba a karɓar shaidar uba ga ɗansa, ko ta maƙiyi a kan maƙiyinsa, to don me za a karɓi ta wadda ta bayyana ƙaunarta ga wani gefe da ƙiyayyarta ga wancan? Tambayar tana da ƙarfi, kuma dalilin ƙa'idar a fili yake. Shaidar baka tana zaune ne a ƙirjin mai ita, alƙali ba shi da hanyar buɗewa ya duba, don haka dole ya auna mutumin. Mai ɗaukar hoto kuwa yana barin wani abu a waje da kansa. Fim ɗin yana nan bayan mai shi ya mutu. Ana iya ƙirga gawarwakin, a gane ginin, a daidaita duwatsun da ke baya da taswira, a duba hoton da ya gabata da wanda ya biyo a jikin fim ɗaya, a gwada da rajistar asibiti da rahotannin soja. Son zuciyar mai kyamara yana yanke inda za ta duba, amma abin da ya shiga cikin fim, idan ba shirya shi aka yi ba, ya fita daga hannunsa. Gawarwakin Valencia sun mutu ko da wace jarida ce ta buga hotonsu.

Sai dai wannan amsa tana buɗe wata ƙofa mai wuyar rufewa, wato batun inda kyamarar ba ta duba ba. Ɓangaren Jamhuriya ba tsarkaka ba ne. A lokacin yaƙin, galibi a watanninsa na farko, an kashe limaman coci da masu hidimar addini kusan 7,000 a yankunan da ke hannunsa. A Nuwamba da Disamban 1936 an fitar da fursunoni sama da 2,000 daga gidajen yarin Madrid aka harbe su a Paracuellos da kewaye. A Mayun 1937 'yan gurguzu da sauran ƙungiyoyin hagu sun gwabza da juna a titunan Barcelona, a watan Yuni kuma aka kama Andreu Nin, shugaban jam'iyyar hagu ta POUM, jami'an leƙen asirin Sobiyet suka kashe shi. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a aikin Taro, kuma jaridun da take yi wa aiki, mujallar Regards da jaridar Ce Soir da Louis Aragon ke cikin editocinta, ba masu buga irin wannan ba ne. Wannan gibi ne na gaske, kuma wanda ya san yaƙin Sifaniya ta hotunanta kaɗai ya san rabi ne. Amma gyaran rabin labari shi ne a nemo ɗaya rabin daga wasu shaidun, kamar yadda George Orwell, wanda shi ma ya yi yaƙi a gefen Jamhuriya, ya rubuta abin da ya gani a Barcelona. Watsar da rabin da ke hannu ba ya ƙara wa kowa sani. Kuma da yake ta bayyana gefenta, mai kallo ya san ta wace fuska zai nemi abin da ya rage. Wanda ya fi haɗari shi ne mai da'awar ya nuna komai, domin shi ne ke hana a ci gaba da nema.

Inda zargin ya kama ta da gaske shi ne shirya hoto. A watan Yunin 1937 ita da Capa sun kasance tare da wata bataliyar 'yan sa-kai na ƙasashen waje a yankin Kordoba, inda sojoji suka sake kwaikwayon yadda suka kame ƙauyen La Granjuela domin a ɗauka a majigi da hoto. Akwai kuma sanannen hoton nan na Capa, na sojan da ke faɗuwa da baya bindiga na suɓuce masa, wanda mujallar Vu ta buga a Satumban 1936, aka daɗe ana cewa ya kama daidai lokacin da harsashi ya sami mutum a Cerro Muriano. Taro tana wurin a ranar, tana ɗaukar sojojin nan su ɗin dai. A 2009 wani malamin jami'a a Sifaniya, José Manuel Susperregui, ya nuna cewa tsaunukan da ke bayan hoton na kusa da garin Espejo ne, tazara mai nisa daga inda aka ce, kuma wuri ne da babu shaidar an yi faɗa a cikinsa a waɗannan kwanaki. Ana iya cewa a wancan zamani shirya hoto ruwan dare ne a aikin majigi da mujalla, ba a riga an kafa ƙa'idar da ake bi yau ba. Haka ne, amma bai wanke aikin ba. Mai karatu a Paris ya ɗauka yaƙi yake gani alhali atisaye ne, an yaudare shi ke nan. A nan ne iyakar take, kuma laifin na rashin gaskiya ne, wanda ɗan jarida marar ɓangare ma kan aikata don neman suna ko kuɗi.

Mu a Nijeriya mun san wannan kulli daga yaƙin basasar 1967 zuwa 1970. Hotunan yaran da yunwa ta kumbura wa ciki a yankin Biyafara, waɗanda suka cika mujallun Turai da Amurka daga tsakiyar 1968, gwamnatin Ojukwu ta yi amfani da su ƙwarai, har ta ɗauki hayar wani kamfanin tallata manufa a Geneva mai suna Markpress. Wannan ya sa da yawa a gefen tarayya suka ɗauki hotunan a matsayin makamin abokin gaba kawai. Makami ne, amma yaran da ke cikinsu yunwar gaske ce ta kashe su. A wannan yaƙi ma an rasa mai ɗaukar hoto: Priya Ramrakha, ɗan Kenya mai yi wa mujallun Time da Life aiki, wanda aka harbe a wani kwanton ɓauna kusa da Owerri a Oktoban 1968.

Saura batun mutuwarta, da masu cewa ganganci ne kuma asara ce, tunda Jamhuriya ta faɗi a 1939, Franco ya yi mulki har ya mutu a 1975, kuma babu hoton da ya sa Birtaniya ko Faransa ta canza manufa. A kan ganganci suna da hujja. Janar Walter, kwamandan rundunar da take tare da ita, ya umarce ta da ta bar wurin a ranar, ta ƙi, kuma marubucin nan ɗan Kanada Ted Allan da ya biyo ta shi ma ya ji rauni a haɗarin. Amma yana da kyau a san abin da ya kai ta Brunete tun farko. Da Jamhuriya ta fara farmakin kame garin ranar 6 ga Yuli, kowane gefe na iƙirarin garin na hannunsa, sai ta je ta ɗauko sojojin Jamhuriya a gaban allon da ke ɗauke da sunan garin, hujjar da ba ta buƙatar dogon bayani. A yaƙin da ƙarya ta zama kayan faɗa, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Watanni uku kafin mutuwarta, ranar 26 ga Afrilu, jiragen Jamus da Italiya sun ragargaza garin Guernica, sai gwamnatin Franco ta ce 'yan ɓangaren Jamhuriya ne da kansu suka cinna wa garin wuta, ta kuma tsaya a kan wannan magana shekara da shekaru. Rahoton George Steer na jaridar Times, wanda ya je ya ga kwanson bamabaman Jamus da idonsa, yana cikin abin da ya hana ƙaryar zama tarihi, kuma sai a 1997 shugaban Jamus Roman Herzog ya amsa laifin ƙasarsa a hukumance. Auna hoto da ko ya tsayar da yaƙi ɗora masa nauyin da ba nasa ba ne. Aikinsa shi ne ya tsare abin da ya faru har zuwa ranar da za a yarda a saurara, kuma a Sifaniya ranar ta yi nisa: sai a 2007 majalisar ƙasar ta zartar da dokar tunawa da waɗanda yaƙin da mulkin Franco suka ci.

Abin baƙin ciki shi ne cutarwar da ta fi daɗewa a kan aikinta daga masoyanta ta zo. Jam'iyyar Kwaminis ta Faransa ta shirya mata gagarumar jana'iza a Paris ranar 1 ga Agustan 1937, dubban mutane suka raka gawarta maƙabartar Père Lachaise, Alberto Giacometti ya tsara kabarin. An ɗaukaka ta a matsayin gwarzuwar da ta ba da ranta, aka yi ta maganar mutuwarta, hotunan suka koma gefe. Capa ya sadaukar mata da littafinsa na hotunan Sifaniya da ya fito a 1938, amma hotunanta da ke ciki ba a bambanta su da nasa ba. Tun tana raye ma an buga aikinta da yawa da sunan Capa, sunan da ita ta taya ƙirƙirowa, sai a 1937 ta fara sa nata ita kaɗai. Da sunansa ya ƙara girma, ya shiga cikin waɗanda suka kafa kamfanin hotuna na Magnum a 1947, ya kuma mutu a 1954 bayan ya taka nakiya a Indochina, sai hotunanta suka narke cikin taskarsa. A lokacin yaƙin cacar baka, alaƙarta da 'yan gurguzu ta sa Yamma ba ta marmarin tuna ta, Jamus ta Gabas kuma ta sa wa titi sunanta a Leipzig ba tare da ta damu da abin da ta ɗauka ba.

Bincike ne ya dawo da ita, ba yabo ba. Irme Schaber, Bajamushiya mai nazarin tarihi, ta wallafa tarihin rayuwarta a 1994. Masana suka lura cewa a watannin farko Taro tana aiki da kyamara mai fitar da hoto murabba'i, Capa kuma da Leica mai fitar da hoto mai tsawo, wannan ya taimaka wajen rarrabe aikinsu. A ƙarshen 2007 wasu ƙananan akwatuna uku suka iso cibiyar hotuna ta ICP a New York, wadda Cornell Capa, ƙanen Robert, ya kafa. A cikinsu akwai fim mai ɗauke da hotuna kusan 4,500 na Capa da Taro da abokinsu David Seymour, waɗanda aka fitar daga Paris lokacin da Jamus ta mamaye Faransa, suka faɗa hannun jakadan Meziko, Janar Francisco Aguilar González, suka yi shekaru da dama a birnin Meziko. Nan aka ga aikinta na Valencia da na kwanakin Brunete a jere, hoto bayan hoto, yadda ta ɗauke su, har da waɗanda babu editan da ya zaɓa. Irin wannan bin diddigi na jerin hotuna, har da waɗanda Taro ta ɗauka da hannunta a kan tudun nan a Satumban 1936, shi ne ya bai wa masu bincike damar gano Espejo, suka tuhumi hoton da ya fi kowanne ɗaukaka sunan Capa da manufar da su biyun suka yi wa aiki.